Ranar da Diddige Ya Daina Taka Baya

A siton siminti da ke bayan tashar manyan motoci babu wanda ya san Diddige da sunan yanka. Ko maigidan sito, mai sallamar ma'aikata da yamma, Diddige yake ce masa. Ƙafarsa ce ta jawo masa sunan. Diddige ne faffaɗa kamar faranti, duk ya tsattsage, ƙurar siminti ta shige faso ta yi zamanta, sabulu da dutsen goge ƙafa sun yi iya yinsu sun haƙura. Da wannan ƙafar yake taka wa 'yan dako baya.

Wanda bai taɓa dakon siminti ba sai an yi masa bayani. Babbar mota takan ja da baya ta tsaya a bakin sito, a kafa katako, mutum biyu su hau sama suna ɗorawa, sauran su bi layi da gammo a ka, su karɓa, su shiga ciki su jera, su dawo. Kafin rana ta take tsaka ƙugun kowa ya ɗaure tamau. To da an tashi hutu, sai a shimfiɗa kwali a inuwar katanga, mutum ya kwanta rub da ciki, wani ya dafa bango ya hau bayansa. Hawa kowa ya iya, taku kuwa sai mai shi. Diddige ya san inda ake sakin nauyi da inda ake ɗagawa. Yakan fara daga kafaɗa, ya bi gefen ƙashin baya a hankali har ya sauka ƙugu, sai a ji ƙas, ƙas, mutum ya saki ajiyar zuciya kamar wanda aka yafe wa zunubansa. A bayan mahaifinsu ya koya tun yana ƙarami, domin shi ma tsohon dako ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ba a biyan Diddige wannan aiki, bai kuma taɓa nema ba. Shi kansa babu mai taka shi. In ya koma gida matarsa ce ke ɗora masa tsumma mai zafi a ƙugu, tana yi tana mitar cewa ya raba ƙafarsa ga duniya ya kawo mata baya.

Su uku ne a siton, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu ana ce masa Tirela, don buhu bibbiyu yake ɗauka yana fito. Shi ya kawo Diddige aikin tun gemu bai tsiro masa ba, daga baya ya jawo ƙaraminsu, Auta. Tirela mai dariya ne, Auta mai zuciya, shi kuwa Diddige sai ya wuni bai ce uffan ba. Yana da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu na haya, a irin gidan nan da ake bin layin famfo da safe. A tsaye yake cin abincin rana, wai in ya zauna ƙugun ba ya yarda ya tashi. In gardama ta kaure a kan ƙwallo ko siyasa aka nemi ya sa baki, amsarsa ɗaya ce: surutu ba ya sauke mota.

Tirela yana da shekara arba'in da shida ya fara kukan baya. Wa zai saurare shi? Kukan ciwon baya a siton siminti kamar kukan jiƙewa ne a tsakiyar kogi. Aka yi masa abin da ake yi wa kowa. Ya ƙara ɗaure ɗamara, ya shafa man zafi, ya haɗiyi ƙwayoyin ciwon jiki da mai tallan magani ke kawowa bakin ƙofa, da rana kuma ya kwanta a kwali ƙaninsa ya taka shi. Yakan tashi ya miƙe ya ce, "Allah ya yi wa ƙafar nan albarka," ya koma layi. An jima kaɗan ciwon ya dawo.

Daga buhu biyu ya koma ɗaya. Ya riƙa zagayawa bayan katanga yana daɗewa, in ya dawo sai Rediyo, wani ɗan dako da bakinsa ba ya mutuwa, ya ce, "Tirela, wannan sauke lodin naka ya fi na mota daɗewa." A yi dariya, har da shi Tirelan. Haka aka ci kusan shekara. Ran nan bayan an taka shi ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba.

Aka kai shi asibitin da ke bayan kasuwa. Bayan an yi hotuna an ɗebi jini, likitar, wata mace mai gajiyayyun idanu, ta kira Diddige ofishinta ta ce ya zauna. Ya ce ya fi son tsayuwa.

"Ba siminti ba ne," in ji ta. "Ciwon daji ne. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, a nan ya fara. Yanzu ya bi ya kama ƙashin baya. Za mu rage masa zafi, mu yi iya abin da za mu iya, amma ba zan yaudare ka ba."

Diddige ya dubi ƙafarsa. "Takun da nake masa ne?"

"Ba takunka ya sa masa ba. Ran da bayan ya fara ciwo, abin ya riga ya yi nisa. Lokacin kama shi tun yana ɗaukar buhu biyun nan da ka ce ne, yana jin kansa garau, ba inda ke masa ciwo. Wannan ciwon ba ya sallama. Da jini ake fara hango shi, ɗan kaɗan daga hannu."

"Na ji ana cewa ciwon tsofaffi ne."

"Ya fi yawa a tsofaffi. Yayanka tsoho ne?" Ta ajiye biro. "Ku nawa kuka rage maza a ɗakinku?"

"Ni da ƙaninmu."

"Shekarunku fa?"

"Ni arba'in da huɗu. Shi arba'in da ɗaya."

"Wanda ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo ya fi sauran mutane zama a bakin hanyarsa. Ba lallai ne ya same ku ba. Amma ku kam kada ku jira hamsin, kada kuma ku jira sai wani wuri ya yi ciwo."

Ba ta rufe baki ba ya naɗe hannun riga ya miƙa mata dantse. Ta ce ba a nan ake ɗiba ba, ta nuna masa ƙofar da zai shiga. Jininsa ya fito lafiya, aka ce ya dawo baɗi.

Tirela ya yi 'yan watanni a kwance. Diddige ke goya shi zuwa bayi, kuma mutumin da ke ɗaukar buhu biyu ya koma bai kai nauyin guda ba. Da aka gama zaman makoki, Diddige da Auta suka koma aiki.

Ranar da suka koma, da aka tashi hutu, aka shimfiɗa kwali kamar kullum. Rediyo ya riga kowa kwanciya.

"Taho, Diddige. Tun da ka tafi bayan nan nawa yake zaman maraici."

Diddige na tsaye da kwanonsa, takalmin roba a ƙafa, bai cire ba. "Shekarunka nawa?"

"Au, aure za ka ba ni?"

"Daga yau duk wanda ya kai arba'in ba zan taka shi ba sai ya je an ɗebi jininsa. A asibitin bayan kasuwa ake yi. In ga auduga a hannunka, in hau."

"Jinin me kuma?"

"Na abin da ya kashe Tirela. Ba siminti ba ne. Daji ne, kuma muna nan muna shafa masa man zafi."

Wani ya ce ai kwana ne ya ƙare, ko likita ma mutuwa yake. Wani ya ce wannan ciwon masu dogara sanda ne. Rediyo ya ɗago kai daga kwali ya rage murya, irin rage muryar da har mai gadi ke ji daga ƙofa.

"Ni fa na ji labari. An ce likita safar hannu yake sawa, ya ce ka juya ka sunkuya. Ni da girmana, da 'ya'yana?"

"Ni a hannu aka ɗiba," in ji Diddige. "In ma ta kai ga yatsan, da yatsa da likkafani wanne ya fi maka sauƙi?"

"Kai, bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Ya sara. Tashi ka ba na ƙasa da kai wuri."

Suka ce ai ba shi kaɗai Allah ya ba ƙafa ba, suka koma taka juna. Wani ƙato ya hau bayan Rediyo ya sauka a haƙarƙari, Rediyo ya kwana biyu yana numfashi rabi-rabi, siton ya samu hutun kunne. Daga nan aka shiga rage shekaru. Masu furfura a gemu duk suka koma talatin da tara. Diddige ya ce da ɗayansu, "Ran da na fara aiki a nan kana da mata. Tashi." Da Rediyo ya warke sai ga shi da auduga manne a gwiwar hannu, yana tafe yana layi, wai jiri yake gani. Diddige ya ɓalle filastar, ya murza fatar da babban yatsa.

"Ina bakin allurar?"

"Ta zamani ce, ba ta barin shaida."

"To bayan naka ma ya jira takun zamani."

Aiki ya fara ja da baya, don bayan da ba a taka da rana ba ba ya sauri da yamma. Direbobi suka riƙa danna oda a bakin ƙofa suna zage-zage. Maigidan sito ya kira Diddige gefe.

"Wannan wace irin fitina ce? Nan sito ne ko asibiti? Ka taka musu baya a wuce wurin."

"Maigida, kaina ka ɗauka aiki. Ƙafar tawa ce."

"In na ce ka tattara naka ya naka fa?"

"Sai in tafi da ita." Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ai ka ba arba'in baya."

Maigida ya yi tsaki ya shige ofis. Bai kore shi ba, don ya san samun mai ɗora buhu irin Diddige ba wasa ba ne.

Suka daina cin abinci kusa da shi. Aka laƙaba masa sabon suna, Nas, ya ƙi amsawa. Maganar har ta kai gida, matarsa ta ce, "Baban yara, mutane fa na cewa ka haukace tun rasuwar Yaya. Ka bar kowa ya ji da jikinsa mana." Ya ce, "Ai na bar su. Ƙafata kawai na riƙe." Ta matse tsumman a ƙugunsa da ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Amma ƙugu ba ya jin gardama. Da ɗai-ɗai suka fara sulalewa da safe, su dawo da auduga ta gaskiya, su kwanta ba tare da sun dube shi ba. Shi kuma ya duba bakin allura, ya cire takalmi, ya dafa bango. Yawancinsu ba a ga komai ba, sai suka dawo da gori.

"An zuƙe mini jini a banza, na yi asarar rabin yini."

"Banzar nake maka fata," in ji Diddige.

Wani dattijo a cikinsu aka ce ƙullutun nasa ya kumbura ne kawai, ba daji ba ne, aka ba shi magani ya daina zarya bayan katanga. Har Rediyo ya je, ya dawo yana ba da labarin allura mai tsawon ƙusa, kullum tana ƙara tsawo.

Saura Auta. Kuma don Auta aka kafa dokar tun farko, kowa ya sani, shi ma Autan ya sani.

Yanzu shi ne ƙarfin sito. Tun rasuwar Tirela ya fara ɗaukar buhu biyu, kamar mai riƙe wa mamacin gurbi. Ba ya zuwa kusa da kwali. In ƙugu ya dame shi sai ya jingina da tayar mota ya gantsare yana cije leɓe. Diddige ya tare shi wata yamma a hanyar gida, su biyu duk fari fat da ƙura har gira.

"Auta, likitar nan da bakinta ta ce mu biyu."

"Yaya, ina ke mini ciwo? Fitsarina kamar famfo. Ka ga na rage buhu?"

"Shi ma a lokacin bai rage ba."

"Lafiyata lau za ka kai ni a nemo mini cuta? A bar kaza cikin gashinta."

"Wadda aka bari cikin gashinta ita muka binne."

Auta ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya kauce masa. "To bari ka ji. Kai ka yi shekara kana taka Yaya yana mutuwa a ƙarƙashin ƙafarka. Yanzu abin ya tsaya maka a wuya, kana neman a wanke ka da jinin mutane. Ni ba sabulu ba ne."

A gidansu ƙani bai taɓa faɗa wa wansa irin wannan magana ya kwana lafiya ba. Diddige bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Na taka shi. Kai ba zan taka ka ba." Ya wuce, bai kuma sake tayar masa da zancen ba.

Aka shafe watanni a haka. Ran nan da hantsi ana sauke wata mota, Auta ya karɓi buhu biyu ya juyo kan katako, katakon ya ɗan goce. Bai faɗi ba, ya dai murɗa ƙugu ya tare. Buhunan suka zube ƙasa, shi kuma ya ƙame a sunkuye, ya kasa miƙewa ya kasa zama, gumi na tsattsafo masa. Aka tallabe shi aka kwantar a kwali. Duk siton suka juyo suna kallon mutum ɗaya.

"Diddige, ka taimaka," in ji Rediyo, babu wasa a muryarsa. "Jijiya ce ta hau. Da ka taka za ta koma."

Auta, fuskarsa kife a kwali, ya ce ta tsakanin haƙora, "Yaya. Don Allah."

Tun suna yara Diddige bai taɓa jin Auta ya roƙe shi ba. Ƙafarsa har ta fara zamewa daga takalmi da kanta. Ya san wurin, yana hango shi ta cikin riga, ya san da ya ɗora diddige ƙanin nasa zai miƙe ya yi godiya ya koma layi. Tirela ma haka yake miƙewa. Ya mayar da ƙafar cikin takalmi.

"Ba ka da imani!" wani ya ce. "Ɗan'uwanka ne fa!"

Diddige ya durƙusa ya juya baya. "Rediyo, ɗora mini shi."

Suka ɗora masa shi yadda ake ɗora buhu, ya saƙalo cinyoyinsa ya miƙe. Ya fita ta ƙofar sito, ya ratsa tashar mota, ya bi ta gaban masu faci da masu sayar da baƙin mai. Mutane suka bar abin da suke yi suna kallon ƙato goye da ƙato. Auta bai bar zagin da ya sani ba, in ban da na uwa da uba, tunda nasu ɗaya ne.

"Sauke ni! Wallahi in na warke sai na..."

"Warke tukuna."

"Kowa na kallona!"

"Ɓoye fuskarka a wuyana. Haka kake yi da."

A asibiti likitar nan ta gane Diddige. Ta duba Auta, ta sa aka yi masa allura, ta ce wannan karon kam siminti ne, jijiya ce, zai tashi. Diddige, yana haki, ya ce, "A ɗebi jininsa."

"Ba buhu ka kawo mini ba," in ji ta. "Ba a ɗibar jinin mutum sai ya yarda."

Ta jawo kujera kusa da gadon ta yi wa Auta bayani, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce jini ba ya yanke hukunci, wani lokaci yakan nuna alama a bincika a ga ba daji ba ne. In kuma shi ne, maganinsa ma yana da tasa wahalar. Amma shi da ya rasa wansa a wannan ciwo, ita dai da ƙaninta ne da ta ce ya yi. Auta bai dube ta ba. Yayansa yake kallo, yana tsaye a jikin bango ya ƙi zama, rigarsa ta jiƙe ta manne.

Ya miƙa hannu. "Ɗiba, likita. Ɗiba, ko mutumin nan ya sakar mini mara in yi fitsari."

Jinin ya nuna alama. Aka sake ɗiba, ya sake nunawa. Aka tura shi babban asibiti, aka yi hoto, aka tsinko ɗan nama aka duba. Daji ne, amma yana nan cikin ƙullutun bai fita ba. Likitocin suka ce ba irin wanda ake zuba wa ido ba ne, suka jera masa hanyoyin da ake bi, ya zaɓi a yi aiki a cire.

Wanda ya zaci Auta zai yi godiya bai san Auta ba, bai kuma san aikin ba. Fitsari ya riƙa zubo masa ba da saninsa ba, wata da watanni yana sa ƙunzugu kamar jariri. Abin da ke tsakanin miji da mata ma ya yi rauni, aka ce sai a hankali, watakila ya dawo, watakila ba duka ba. Ya shige ɗaki ya ja labule. Duk ranar hutu Diddige yakan je da ledar cefane. Matar Auta ce ke tarar sa a bakin ƙofa, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Yaya, ya ce a ce yana barci."

Sai murya ta fito daga bayan labule. "Ki faɗa masa da ƙafata nake, da ƙarfina, ya ɗauke ni ya kai aka mayar da ni haka! Ki ce masa ya ji daɗi!"

Matar ta ƙara sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Yaya."

"Haƙurin me? Ɗage labulen in ji da kyau. Tirela ya fi shi ladabi yanzu, ko uffan ba ya ce mini. Ni wannan nake so."

Ya ajiye ledar ya tafi. Wani makon ya dawo, aka sake zaginsa.

A sito ma masu baki suka samu abin faɗa. "Ka ga abin da muke gudu? Mutum da ƙarfinsa an mayar da shi mai ƙunzugu." Diddige ya ce, "Ku je ku tambayi matar Tirela wanne za ta zaɓa." Da shekara ta zagayo ya makara wata safiya, ya shigo da auduga a nasa hannun, ya sanar cewa audugar bara ta tashi aiki. Aka yi ta guna-guni. Aka koma asibiti.

Auta ya dawo sito ya rame, ya yi haske, hannun riga na masa yawa. Maigida ya ba shi kwashe simintin buhunan da suka fashe yana ɗinke bakinsu da basilla, kafin likita ta yarda ya koma layi. Yana gaisawa da kowa, in ban da mutum ɗaya.

Ran nan aka ɗauki wani sabon ɗan dako daga wani siton, mai furfura a gefen kunne. Ya ji labarin ƙafar Diddige tun kafin ya zo, don haka da aka tashi hutu ya nufi kwali ya kwanta abinsa. Diddige na tsaye da loma a baki. Kafin ya haɗiye, Auta ya yi magana daga inda yake zaune, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba.

"Malam, shekarunka nawa?"

Baƙon ya ɗago kai. "Talatin da tara."

Siton gaba ɗaya ya kwashe da dariya. "Duk daga nan muka fara!" in ji Rediyo.

"Tashi," in ji Auta. "Asibitin na bayan kasuwa, jini ne kaɗan a hannu. Ka tafi da ƙafarka. In ka tsaya gardama, akwai wani mahaukaci a nan, goya mutum yake yi."

Baƙon ya tashi yana kakkaɓe riga, Rediyo ya ja shi gefe ya fara masa labarin allura. Kwalin ya zauna ba kowa. Auta ya soke basillar a bakin buhu, ya taso a hankali. Da ya zo gaban yayansa sai ya ɗage hannun riga, ga auduga manne da filasta, ta gwajin da yake komawa ana masa. Bai dube shi ba. Ya kwanta rub da ciki.

Diddige ya cinye abin da ya rage a kwano, ya ajiye, ya zame takalmi.

"Kafaɗa kawai," in ji Auta, bakinsa a kwali. "Kuma ban yafe ba."

"Ban nema ba," in ji Diddige. Ya dafa bango ya hau.